Wasiƙa daga gaɓar tekun Amurka: ruwan gishiri yana ƙara tsami

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na gida. Muna gaishe ku daga yammacin Amurka, inda aikinmu shi ne auna ruwan teku.

Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na iskar kabon da ke fita daga ƙona fetur, gawayin kwal da gas, teku ne ke shanye ta. Kafin zamanin masana'antu, kaso 280 ne na kabon a cikin kowane miliyan na iska, yanzu ya haura 420. Idan iskar ta narke a ruwa sai ta zama tsami mai rauni, irin gas ɗin lemon kwalba. Ruwan sanyi ya fi riƙe ta, kamar yadda lemon da ya fito daga firji ya fi mai ɗumi gas.

Ma'aunin tsami, wato pH, wanda lambarsa ke sauka idan tsami ya ƙaru, ya sauka daga kusan 8.2 zuwa 8.1 a saman teku. Kada ƙanƙantar lambar ta ruɗe ku: maki ɗaya a wannan ma'auni ninki goma ne, don haka 0.1 ƙarin tsami ne na wajen kashi 26 zuwa 30 cikin ɗari. Ruwan bai zama ruwan tsamiya ba, har yanzu yana ɓangaren kanwa. Illar ita ce tsamin yana cinye sinadarin kabonet, wanda da shi kawa (wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci), murjani da sauran masu ɓawo suke gina jikinsu.

A Netarts da ke jihar Oregon, a 2007 da 2008, 'ya'yan kawa suka yi ta mutuwa a gidan ƙyanƙyasa na Whiskey Creek. Da farko an zargi ƙwayar cuta, aka tsabtace ruwa, mutuwa ba ta tsaya ba. Ashe iskar arewa ce ke ture ruwan saman teku, na ƙasa mai sanyi da yawan kabon ya taso, famfo ya zuƙo shi cikin tankuna. Ɗan kawa kuwa cikin kwana biyun farko yake gina ɓawonsa, da ɗan kuzarin da ya gado daga ƙwai. In kabonet ya yi ƙaranci, kuzarin ya ƙare kafin ya iya cin abinci.

Maganin da aka samu kowace uwargida ta san shi. Aka koma ɗiban ruwa da rana, bayan ciyawar ruwa ta shanye wani kaso na kabon, sannan ana zuba sodiyam kabonet, ɗan'uwan kanwar da ake jefawa a miyar yakuwa don kashe tsami. Wannan dabara ta tanki ce, ba ta isa teku ba.

Ga ɗalibanmu da ke Legas ko Akra masu son yin awon: ruwan ƙasan teku yana tasowa a gaɓar Ghana tsakanin Yuli da Satumba, lokacin ya dace. Amma ƙaramar na'urar pH ta kasuwa kan yi kuskuren 0.1, alhali saukar shekara guda ba ta wuce kusan 0.002 ba. A ɗebi ruwa a kwalbar gilashi ba tare da kumfa ba, a rubuta zafinsa da gishirinsa nan take, a toshe bakin sosai. In aka bar shi haka, ƙananan halittun ciki za su ci gaba da numfashi su ƙara masa kabon, shi ya sa ake ɗiga masa maganin da ke kashe su kafin a kai ɗakin gwaji.

A gaida mutanen gida.