Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Karatun Sayar da Panadol"

A makon jiya na tsaya a inda sunana ya fito a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, sashen harhaɗa magunguna. Kafin mu shiga Samaru sai na faɗi maganar Baffa, don ita ta raka ni har aji biyar. A zauren gidanmu, gaban baƙi, ya duba takardar ya miƙo mini, ya ce, "Wanda ya kasa likita shi ke tafiya can. Karatun sayar da Panadol ne." Mahaifinmu bai ce uffan ba, kun san ba ya ɗaga murya gaban yayansa. Iya ce ta leƙo ta ce, "Rabu da shi, maigidana, kai ka je ka gano mini abin da ke cikin maɗaci."

Shekara biyun farko babu abin ba da labari, kemistiri ne da yajin aiki da garau-garau. A aji uku idona ya buɗe, a darasin tantance ingancin magani. Za a ba ka ƙwayar farasitamol ashirin, ka auna, ka niƙe, ka narkar da wani ɓangare, ka sa a na'urar da ke haska ruwan ta gaya maka yawan hasken da ya shanye. Daga nan lissafi zai nuna ko miligiram 500 ɗin da aka rubuta a kwali yana ciki da gaske. Ƙa'ida ita ce ya faɗo tsakanin kashi 95 da 105 cikin ɗari. Akwai kuma gwajin ko ƙwayar za ta watse a ruwa mai ɗumin jikin mutum cikin minti 15, domin wadda ba ta narke ba haka za ta wuce ta ciki ba ta yi komai ba. Wata rana muka gwada wadda wani abokina ya sayo a kasuwa, fara tas, kwalinta da kyau, amma maganin da ke ciki bai kai rabi ba. Na daɗe ina tunanin uwar da ta ba ɗanta irinta tana jiran zazzaɓi ya sauka.

Malaminmu ya ba mu labarin 1990, lokacin da yara 109 suka rasu a Najeriya saboda farasitamol na ruwa da aka haɗa da wani sinadari mai lalata ƙoda a madadin na ainihi. Gwaji ɗaya kafin ya fita kasuwa da ya kama shi. A 1993 aka kafa NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, kuma duk wanda ya yi wayo ya tuna yadda Dora Akunyili ta riƙa ƙona jabun magunguna bayan ta karɓi hukumar a 2001. Wannan ne Baffa ya kira sayar da Panadol.

Har yau abin na yi mini ciwo. Shekaru bayan haka, da hawan jini ya kama shi, ni yake aiko wa ledar magungunansa in duba masa. Ina dubawa, haƙƙin zumunci ne. Amma bai taɓa janye maganar nan ba, ko da wasa.

Mu koma Zariya. A darasin gano magani daga tsirrai muka karanta yadda aka ciro kwinin, maganin maleriya, daga ɓawon wata bishiyar Kudancin Amurka a 1820, da yadda Tu Youyou ta Sin ta samo maganin maleriya daga tazargade a farkon shekarun 1970, bayan ta lura a wani tsohon littafi cewa jiƙa ganyen ake yi ba tafasawa ba, don zafi na rage ƙarfinsa. Sai 2015 ta sami kyautar Nobel. Wanda ya fi taɓa ni shi ne namu na gida: maganin amosanin jini da cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Abuja ta haɗa daga tsirrai huɗu, cikinsu har da masoro da kanumfari da karan dafi. Duk ukun suna ɗakin Iya.

Saboda haka da lokacin furojet, wato binciken kammala karatu, ya zo, maɗaci na ɗauka. Iya da kanta ta sa aka saro ɓawon. Na shanya a inuwa, na daka a turmi, na jiƙa a ruwan sinadarin metanol, na tace, na busar har ya zama baƙin danƙo. Daga nan sai ɓeraye masu ɗauke da ƙwayar maleriya, gwajin kwana huɗu, sannan ƙirga ƙwayoyin cutar a madubin likita har ido ya yi ja. Ya rage cutar, amma bai kama ƙafar kulorokwin ba. Da na gaya wa Iya sai ta ce, "To ba ga shi ba, yana yi." Na yi mata bayanin cewa tsakanin ɓera da mutum akwai shekara goma ko fiye, da matakai uku na gwaji a jikin mutane, kuma cikin dubban sinadarai ɗaya ke tsallakewa. Ta ce ita nata majinyatan ba su da shekara goma. Ban sami amsar da zan ba ta ba, ga shi ta rasu kafin a rantsar da mu.

Baffa bai zo rantsarwar ba, ya aiko da turmin shadda ta hannun Yaya. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan kawo shekarar sanin makamar aiki da yadda aka yi na bar kantin da ya nema mini.