Fitilun Landan da hoton Yaya

Sanyin yau ya fi na jiya. Ƙarfe huɗu saura aka yi magariba. Har yanzu ban saba ba, kana idar da azahar, kafin ka gama shan shayi la'asar ta shigo.

Yaya ta taso daga aikin dare da safe, ta ɗan runtsa, ta tashi ta ce tunda yau tana hutu sai ta kai mu kallon fitilu. Na ce ta bari sai wani lokaci. "Ke dai shirya yaran," in ji ta.

A Oxford Circus muka fito, jama'a kamar ranar hawan Daushe. Muka gangara Regent Street, inda aka rataye manyan siffofi masu fukafukai daga wannan gini zuwa wancan, su suke kira mala'iku. Hasken yana bin fukafukan, ya dusashe, ya sake dawowa. Tun 1954 ake ƙawata titin nan a ƙarshen shekara. Auta ya saki baki ya ƙi tafiya, sai da na ja shi. Na saya musu soyayyiyar gyaɗa mai sukari, suka ƙi ci da wuri saboda tana ɗumama musu hannu.

Daga Piccadilly muka taka har Trafalgar Square. Bishiyar Kirsimetin da aka kafa a can ta fi kwanta mini a rai, doguwa, ba tarkace, fitilunta a jere daga sama zuwa ƙasa. Birnin Oslo na Norway ne ke aiko ta kowace shekara tun 1947, godiya ga taimakon da Birtaniya ta yi musu a yaƙin duniya na biyu. A gabanta na ɗauke mu hoto ni da Yaya.

Ta karɓi wayar ta daɗe tana kallo.

"Kar ki tura wa Hajiya wannan."

"Don me, Yaya? Ai ya yi kyau."

"Dubi idona. Tana gani za ta ce na rame, ta kwana ba barci. Tura mata na yaran."

Sai a lokacin na dube ta sosai. Ƙasan idonta ya yi baƙi, bayan hannunta duk ya tsage saboda yawan wankewa a gidan kula da tsofaffin da take aiki. Dare guda tana ɗaga wannan, tana juya wancan, tana canza shimfiɗa. A saman bas muna komawa ta ce mini duk shekarun da ta yi a garin nan, yau ta fara tsayawa a ƙarƙashin fitilun, kullum ta taga take hango su. Ba da ƙorafi ta faɗa ba. Kafin mu yi nisa barci ya ɗauke ta, kanta a jikin gilashi.

Abin ya tsaya mini a wuya. A gida kowa gani yake Yaya ta haye. Duk wanda ya kira ta, bayan gaisuwa sai kuɗin makaranta, sai na magani, sai gudummawar biki. Ba ta taɓa cewa babu ba. Kuma ita ce ke ɓoye gajiyarta don kada hankalin kowa ya tashi. Wallahi wannan bai yi mini daɗi ba.

Hajiya ta kira muna shiga gida, can dare ya fi yi da awa guda. Ta yaba hotunan, ta sa wa yara albarka, sai ta ce, "Ina Yayar taki, ban gan ta a ciki ba?" Na ce ta kwanta. Ta ɗan yi shiru, ta ce a gaishe ta.

Ban goge hoton ba. Ban kuma san ko in faɗa wa Hajiya gaskiyar yadda na same ta in na koma ba, tunda ita ba ta so.

Gobe tana da aiki da dare. Akwai sauran kuka da daddawar da na zo da su, zan yi mata tuwo ta ci kafin ta fita. Safar Auta ɗaya ta ɓace a bas.