Abin da bakanike ya gani a wajen wasan jiragen yaƙi

Ni bakaniken mota ne a Apo, kuma sana'ar ce ta ja ni kallon wasan jiragen Rundunar Sojin Sama a nan Abuja. Jiragen Alpha Jet suka wuce a jere, fiffike dab da fiffike, ƙararsu har cikin ƙirji. Super Tucano, cikin guda 12 da Najeriya ta karɓa a 2021, ya biyo da nasa kukan na farfela. Jama'a sai sowa suke yi.

Ni kuwa hankalina na kan masu aikin ƙasa. A ƙa'idar wannan aiki, kafin jirgi ya motsa sai ma'aikata sun jeru kafaɗa da kafaɗa, suna tafiya a hankali, ido a ƙasa, suna tsince tsakuwa da noti da guntun waya. Injin jirgin yaƙi zuƙar iska yake yi da ƙarfin gaske, noti ɗaya in ya bi iskar ya shiga, ya isa ya kakkarya farfelolin ciki. Wani daga cikin kanikawansu ya yi mini bayanin akwatin kayan aikinsu: kowace sifana da gurbinta, an yanka shi daidai siffarta. In an gama aiki aka ga gurbi ɗaya wayam, jirgin ba zai tashi ba sai an gano inda ta shiga, ko da kuwa babban hafsa ne ke jira. Wanda ya yi gyara kuma sai ya sa hannu da sunansa a littafin jirgin.

Da na ji haka na fahimci jeren da muke tafa wa. Matuƙin da ke gefe ba gabansa yake kallo ba, idonsa na kan jirgin jagora, duk inda ya karkata nan zai bi. A 1982 jirage huɗu na Thunderbirds, ayarin wasan jirage na sojin saman Amurka, suka bi juna har ƙasa a Nebada, matuƙan huɗu duka suka mutu. Mu ma a nan mun gani: a Satumban 2018 jiragen F-7Ni biyu suka yi hatsari a Katampe lokacin atisayen bikin samun 'yancin kai, matuƙi ɗaya ya rasu, Allah ya jiƙansa. Mutumin da ke aiki a irin wannan hali ba shi da sararin tunanin ko an ɗaure masa noti daidai. Dole wani ya ɗauke masa wannan nauyin tun a ƙasa.

Da na koma gareji na sa aka kafa allon katako, aka zana siffar kowace sifana da filaya da sukudireba. Ba a rufe bonet sai allon ya cika. Wanda ya ɗaure birki ko taya ya rubuta sunansa a littafi. Babban yarona ya ce, "Oga, ai mota ce, ba jirgi ba." Na ce masa ya tuna bas ɗin da muka gyara wa birki, cike take da mutane take gangara hanyar Lokoja, kuma direban bai taɓa ganin hannun da ya ɗaure masa ba.

Akwai ƙa'ida ɗaya tasu da har yanzu nake fama da ita. Matuƙan nan suna zama bayan kowane tashi su bi abin da ya faru dalla-dalla, ƙarami ya faɗi abin da ya gani ko a gaban na sama da shi ne. A garejinmu yaro ya saba ɓoye noti da ya lalata don tsoron tsawa. Na hana a yi wa duk wanda ya kawo rahoto da kansa faɗa, kuma kowace Asabar kafin a tashi muna zama a bi motocin makon ɗaya bayan ɗaya. Ƙananan sun fara magana, manyan ne dai har yanzu sai na kira suna.