Maynooth: karatu a tsohuwar makarantar su fada

Mutanen gida dai har yanzu tambayata suke wai da gaske ne a makarantar limaman coci nake karatu, har wata gwaggona ta kira ni a WhatsApp tana cewa ɗan nan ka dai riƙe sallarka. To bari in warware muku zancen nan kowa ya huta.

Maynooth ƙaramin gari ne a yankin Kildare na ƙasar Ailan, kamar kilomita 25 daga Dublin, jirgin ƙasa kake hawa ka bi gefen wata doguwar hanyar ruwa har ka iso. Babban titi ɗaya ne, a ƙarshensa ga kangon gidan sarautar FitzGerald, kana wuce shi sai ƙofar tsohuwar makarantar, St Patrick's College. A 1795 aka kafa ta, kuma abin da zai ba ka mamaki gwamnatin Ingila ce ta amince ta ba da kuɗin, alhali ita ce ta daɗe tana takura wa 'yan Katolikan ƙasar, har sai da ta kai mai son zama fada, wato limamin cocin Katolika, dole ya tsallaka Faransa ko Sifen ya yi karatu. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke aka rufe makarantun can, su kuma Turawan Ingila suka ga gara a horar da limaman a gida a gaban idonsu da a bari su kwaso aƙidar tawaye daga waje. Wato ba don Allah suka yi ba, lissafi ne kawai.

A 1845 firaminista Robert Peel ya ƙara musu kuɗin shekara zuwa wajen fam 26,000, rigima ta tashi a majalisar Landan har Gladstone ya ajiye muƙaminsa na minista. Da kuɗin lokacin aka yi manyan gine-ginen dutsen nan da mai zanen gine-gine Pugin ya zana, waɗanda in ka shiga cikinsu da sanyi sai ka ji ƙashinka na kaɗawa wallahi. Akwai lokacin da babu makarantar horar da limamai a duniya da ta kai ta girma, limamai fiye da 11,000 suka fita daga nan. Wani daga cikin malamanta ma, Fada Nicholas Callan, shi ya ƙirƙiro na'urar ƙara ƙarfin lantarki a 1836, ana nan ana ajiye da kayan aikinsa a gidan tarihin makarantar.

Sauyin a hankali ya zo. 1910 ta shiga ƙarƙashin jami'ar ƙasa, 1966 aka buɗe ƙofa ga ɗaliban da ba limanci suka zo koya ba har da mata, sai 1997 doka ta raba gida biyu, jami'ar gwamnati daban, makarantar coci daban. Sunan Maynooth University da ke kan katina a 2014 aka fara amfani da shi. Yanzu titin Kilcock ne ya ratsa tsakani, ɓangaren arewa sababbin gine-gine da hayaniyar yara, ɓangaren kudu tsit, masu koyon limancin ba su da yawa yanzu, jefi-jefi za ka gamu da ɗaya a hanya ku gaisa. Mu kuma dubbai ne, Indiyawa, 'yan Sin, 'yan Najeriya, masu hijabi da masu gajeren wando a cikin ruwan sama.

Ni abin da ya sa na fara jin garin kamar na san shi shi ne alaƙar mutanensa da mu 'yan Najeriya. Babana a Kaduna ya taso, kullum labarinsa su fadan Ailan da suka koyar a St John's, wadda yanzu ake cewa Rimi College. Ashe a 1920 Bishop Shanahan ya zo nan Maynooth yana neman matasan limamai su bi shi kudancin Najeriya, daga wannan kiran ne ƙungiyar limaman mishan ta Kiltegan ta samo asali a 1932. Shi ya sa tsofaffin garin da sun ji ka ce Najeriya sai hira ta ɓarke, wannan kawunsa ya yi Kalaba, waccan 'yar uwarta sista ce a Jos, kai sai ka rasa bas kana tsaye. Sannan a laburaren jami'ar akwai wasiƙun da marubucin nan ɗan Najeriya Ken Saro-Wiwa ya rubuta wa Sista Majella McCarron daga inda ake tsare da shi kafin a rataye shi a 1995, ita ta ba da su a 2011. Na je na gani da idona, jikina ya yi sanyi.

Zaman kansa kuwa sai haƙuri. Ɗaki shi ne babbar matsala, haya ta yi tsada kuma samu ma aiki ne, ni a gidan wata dattijuwa nake, ita ta koya min raba shara kala-kala da shan shayi ba dalili. Sai ka nemi lambar PPS, wato lambar shaida ta biyan haraji, kafin ka fara aiki, ɗalibi awa 20 aka yarda ya yi a sati lokacin karatu, 40 in an yi hutu, da shi ake lallaɓa haya da abinci. A watan Disamba ƙarfe huɗu da rabi magariba ta yi, a Yuni kuma goma saura rana ba ta faɗi ba, sai ka dinga duba waya don lokacin sallah. Naman halal da garin tuwo sai na shiga Dublin nake haɗowa, in Juma'a ta same ni can na wuce masallacin South Circular Road, shi ma fa tsohon coci ne aka saya aka mayar masallaci. Wannan kam ban gaya wa gwaggo ba tukuna.