Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Tsohon cocin Annandale da amaryar da ake cewa tana fitowa

'Yan'uwa masu bibiyar wannan tarihi, barkanmu da sake haɗuwa. A makon jiya mun tsaya a Jackson, babban birnin jihar Misisipi ta Amurka. Yau za mu fita ƙauye, zuwa wani ƙaramin coci da ake kira Chapel of the Cross, wanda labarin fatalwa ya kusa danne ainihin tarihinsa.

Daga Jackson mutum zai hau babbar hanya mai lamba 55 ya yi arewa, ya sauka a Madison, ya kama hanya mai lamba 463 ya yi yamma. Tafiyar kusan rabin awa ce in babu cunkoso. Sai da motar kai ko ta haya. A rage gudu in an kusa, don cocin yana kan ɗan tudu cikin itatuwa, mai sauri yakan wuce bai lura ba.

Wurin asalinsa gandun auduga ne mai suna Annandale, na wani attajiri John Johnstone. Da ya rasu a 1848, matarsa Margaret ta sa aka gina cocin don tunawa da shi, aka keɓe shi don ibada a 1852. Ginin jan bulo ne, da dogayen tagogi sirara masu tsini a sama, da hasumiya a gaba. Bayin gandun ne suka buga bulon suka gasa a nan wurin, su kuma suka yi aikin ginin. Duk wanda ya je, ina roƙonsa ya matsa kusa da bango ya duba da kyau: wani bulon ya fi wani duhu saboda ya fi kusa da wuta lokacin gashi, wani gefensa bai miƙe sosai ba. Aikin hannu ke nan. Abin yana taɓa zuciyata ƙwarai, a ce baƙo ya zo daga nesa yana cigiyar fatalwa, bai ko tambayi waɗanda guminsu ya tsayar da bangon da yake jingine da shi ba.

Ga abin da ya tabbata game da amaryar. Helen, ɗiyar Margaret, an sa ranar aurenta da Henry Vick, na zuriyar da garin Vicksburg ya ci sunanta. A watan Mayu na 1859, saura kwanaki kaɗan a ɗaura aure, Henry ya tafi Mobile a jihar Alabama don irin fito-na-fito da bindiga da masu ji da kansu ke yi a wancan zamani in an taɓa musu mutunci. Can aka harbe shi. Aka kawo gawarsa aka binne a makabartar da ke bayan cocin, kabarin yana nan har yau.

Daga nan kuma sai ka-ce-na-ce. Wai ana ganin mace da baƙaƙen kaya zaune kusa da kabarin tana kuka, wai ana jin kiɗan ibada cikin dare alhali coci a kulle. Kowa ka tambaya, wani ne ya gaya masa. Abin da masu labarin ba su cika faɗa ba shi ne Helen ba ta mutu da baƙin cikin ba. Ta auri wani limamin coci mai suna George Harris, ta hayayyafa, ta rayu fiye da shekara 50 bayan rasuwar Henry, kuma a garin Rolling Fork aka binne ta, nesa da nan. Babban gidan gandun ma gobara ta cinye shi a 1924.

Masu nuna hoton dare da fararen ɗigo-ɗigo suna cewa kurwa ce, su san cewa fitilar kyamara ce ta haska ƙura ko ƙwaro ko raɓa dab da gilashin. A kashe fitilar a sake ɗauka, ɗigon zai ɓace. Ga kuma hazo da ke kwanciya a ƙasa da asuba, ga makesu da ke walƙiya cikin itatuwa a watannin zafi.

Da dare ma bai kamata a je ba. Coci ne mai rai, na ɗarikar Episkofal, ana ibada a cikinsa, kuma shiga harabar mutane da duhu ba izini a Amurka yana iya kai mutum hannun 'yan sanda. A je da hantsi a ranar aiki, a fara biyawa ofishin cocin a gaisa, a tambaya ko za a buɗe ciki. Ranar Lahadi ta masu ibada ce. Mai son taro kuma, a farkon Oktoba sukan yi bikinsu na shekara, da abinci da kayan sana'ar hannu.

Daga Yuni zuwa Agusta zafi yakan haura digiri 32, ga gumi mai ɗanko kamar na tsakiyar damina, sai a riƙe ruwan sha aƙalla lita ɗaya da maganin sauro. Takalmi rufaffe dole ne. Akwai jajayen cinnaku masu tara ƙasa kamar ƙaramin suri a cikin ciyawa, wanda ya taka yana kallon sama zai kwana da ƙuraje a ƙafa.

Rubutun duwatsun kaburbura ya soma shafewa. Kada a goga alli ko gari ko sabulu don ya fito, kada a kankare gansakuka da makulli, domin dutsen marmara ne mai laushi, abin da ya fita ba ya dawowa. Dabarar ita ce haske daga gefe: mutum ɗaya ya riƙe madubi ya karkato rana ta shafi fuskar dutsen a kaikaice, sai inuwa ta cika ramin haruffan, ɗayan ya karanta.  Kada a jingina da dutsen ko shingen ƙarfen da ya kewaye wasu kaburburan, da yawansu gindinsu ya saki.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu gangara Vicksburg, bakin kogin Misisipi, garin dangin angon.