Na'urorin gida na zamani: yadda na zaɓi waɗanda za su jure wutarmu

Sharaɗi ɗaya na gindaya wa duk na'urar da za ta shiga sabon gidanmu a Kano: ko intanet ta yanke, ko data ta ƙare da tsakar dare, dole fitila ta kunnu, sumo ya ɗago ruwa. Wannan sharaɗin kaɗai ya zubar da yawancin kayan da ake tallatawa.

Yawancin soket da ƙwayayen fitila masu araha da ke aiki da Wi-Fi, idan ka taɓa wayarka, umarnin sai ya je kwamfutocin kamfani a wata ƙasa kafin ya dawo ɗakin da kake zaune. Ranar da hanyar ta yanke, shi ke nan. Ba matsalarmu ba ce mu kaɗai: a watan Afrilun 2022 kamfanin Insteon na Amurka ya kashe kwamfutocinsa ba sanarwa, mutane suka wayi gari manhajarsu ba ta aiki.

Saboda haka na karkata ga Zigbee, wani tsarin sadarwa mara waya da na'urorin gida ke magana da juna ta cikinsa ba tare da intanet ba. Na ɗora manhajar sarrafa na'urorin gida ta Home Assistant, wadda kyauta ce, a kan 'yar ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi, na maƙala mata ɗan sandan Zigbee na USB. Duk umarni a cikin gida yake yawo. Ita da rauta na ɗora su a layin inbata, tunda wutar da suke ci ba ta taka kara ta karya ba.

A nan akwai abin da ba kowane mai shago ne zai gaya maka ba. Na'urorin Zigbee da ke jone da wuta su ne ke miƙa wa juna saƙo, kamar masu miƙa kwanon siminti ranar zuba dakin. Masu ƙaramin batir, irin na jikin ƙofa, ba sa miƙawa. To a gidan da rabin layukansa na kan sola ne rabi kuma na kan wutar gari, ana ɗauke wuta sai rabin masu miƙa saƙon su mutu, ɗakunan can ƙurya su ɓace daga manhaja. Ga bangon bulo da rodi da ke danne sigina. Sai na tabbatar kowane sashe na gidan yana da aƙalla soket ɗaya na Zigbee a layin da ba ya mutuwa.

Aikin da ya fi komai muhimmanci an yi shi ne tun kafin a yi fulasta. A wayarin ɗin da aka saba yi a nan, ba kasafai ake kai wayar nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, cikin akwatin makunni ba, alhali yawancin makunnan zamani suna buƙatarta. Da na gaya wa mai wayarin, sai ya ce, "Alhaji, wannan ai ƙarin waya ne kawai, ba a yin haka." Na ce, "Malam, a yi haƙuri a saka, kuma akwatunan su zama masu zurfi." Kuɗin da ya ƙaru kaɗan ne idan aka kwatanta da fasa bango bayan an yi fenti.

Tsakanin ƙwan fitila mai wayo da makunni mai wayo, makunni na ɗauka, kuma saboda Hajiya ne. Mahaifiyata ba za ta nemi waya don kunna fitilar banɗaki da asuba ba, kuma bai kamata a tilasta mata ba. Alexa, manhajar Amazon da ake ba umarni da murya, ba ta jin Hausa. Ƙwan mai wayo kuwa, da zarar wani ya kashe shi ta bango ya zama kurma, ba ya jin umarni. Makunni yana aiki da yatsa, yana aiki da waya. Na kuma duba cewa kowanne yana da saitin abin da zai yi idan wuta ta dawo, don kada fitilu su haske gidan da ƙarfe biyun dare mutane na barci.

Wutarmu volt 230 ce, soket ɗinmu mai ƙafa uku irin na Ingila. Kayan da aka yi don kasuwar Amurka na volt 120 ne, sai a karanta jikin kwali kafin a biya. Na sa abin kare kaya daga wuta mai ƙarfi a babban allon gidan.

Inda na fi cin moriyar tsarin shi ne ruwa. Injin sumo yana fizgar wuta mai yawa lokacin tashi, don haka ban jona shi da ƙaramin soket ba, ko da an rubuta amp 16 a jikinsa. Na'urar Zigbee ce ke kunna kontakta, wato babban makunnin da ke jure wuta mai yawa, kontakta ta ɗauki nauyin injin. Yanzu da rana tsaka yake cika tanki, lokacin da sola ke kan ganiyarta, maimakon ya ci yunit ɗin mita, wanda a Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗinsa zuwa naira 225 ga 'yan Band A, wato rukunin da aka ware wa sa'o'in wuta mafi yawa. Balbalin da ke tsayar da injin idan tanki ya cika yana nan yadda yake, ban miƙa wa manhaja wannan amanar ba.

Kyamara a ƙofar gida da garejin mota kawai na sa, mai ajiye hoto a katin memori. Cikin gida wurin iyali ne, ba zan yarda hoton matan gidana ya je kwamfutar wani ba.

Idan na samu kaya mai tambarin Matter, tsarin da ke sa na'urorin kamfanoni daban-daban su yi aiki tare, wanda Apple, Google, Amazon da Samsung suka mara wa baya ya fito a 2022, nakan fifita shi, don kada kamfani ɗaya ya ɗaure ni. Makullin ƙofa mai batir kuwa na bar shi tukuna. Ina so in ga yadda ƙananan na'urorin da ke waje za su yi da ƙurar hunturu da zafin Afrilu kafin in damƙa wa irinsu ƙofar gida.