Kimchi a gida, ga masu fara gwadawa

Duk mai kallon fina-finan Koriya ya san wannan jan abun da ba ya barin teburinsu, safe da rana da dare, ko shinkafa ce zalla sai an ajiye shi a gefe. Kimchi kenan. Kabeji ne aka jiƙa da gishiri aka cakuɗa da barkono da tafarnuwa aka barshi ya yi tsami, kuma ƙwayoyin da ke kawo tsamin dangin waɗanda ke mayar da madara nono ne, don haka kar wata ta yatsina fuska ta ce ruɓaɓɓen abinci ne.

Su can asalinsa tanadin lokacin sanyi ne. Wajen watan Nuwamba dangi da maƙwabta ke taruwa su haɗa mai yawan gaske wanda zai kai su ƙarshen hunturu, suna kiran wannan taron kimjang, har UNESCO, hukumar raya al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin al'adun duniya a 2013. Da a manyan tukwanen ƙasa ake zubawa a binne, yanzu kuwa firij guda suke da shi na kimchi kaɗai.

Toh mu dai kilo ɗaya ya ishe mu. In kin samu kabejin nan dogo mai laushin ganye da suke kira baechu shi ne na ainihi, in babu namu na kasuwa ma yana yi, sai dai ya fi tauri. Ki yayyanka manya-manya, ki yayyafa ruwa, ki barbaɗa gishiri kamar kwatan kofi ki cakuɗa sosai. Nan fa ne duk aikin yake, mutane na zaton barkonon ne amma wallahi gishirin ne. Shi ke zuƙe ruwan ganyen kuma shi ke hana ƙwayoyin banza samun wurin zama, in kika yi gaggawa a nan zai fito ruwa tsululu ya yi laushi, in kika labta da yawa kuma tsamin ma ba zai zo da wuri ba. Ki barshi awa 2 kina juyawa duk rabin awa, namu kabejin yakan so fiye da haka. Ki ɗauki farin wurin mai kauri ki lanƙwasa, in ya lanƙwasu bai karye ba ya yi. Sai ki ɗauraye sau 3 ki zuba a gwagwa ya tsane, ki ɗanɗana, gishirin ya ɗan fi na miya kaɗan.

Kafin nan ki dama garin shinkafa cokali 1 a rabin kofin ruwa ki ɗora a wuta ya yi kauri, in ya huce ki zuba sukari ƙaramin cokali, tafarnuwa kamar 5 da 'yar ɗanyar citta a jajjage, sai ruwan kifin nan mai gishiri na kwalba cokali 2. Barkononsu sunansa gochugaru, ja ne jawur amma yajinsa da sauƙi, shi ya sa suke zuba cokali 3 ko 4 hankali kwance. Don Allah kar ki auna namu barkonon haka, ba zai ciyu ba! Busasshen tattasai za ki daka ki ɗan ƙara barkono kaɗan. Ki yanka lawashi da karas siri-siri, da farin radish (wata saiwa ce mai kama da karas) in akwai, ki sa safar hannu ki murza komai a jikin kabejin.

Ki dinga dannawa a kwalba mai tsabta har ruwan ya taso ya rufe, amma kar ki cika ta fal domin yana fitar da iska, ki riƙa ɗan buɗe murfin. Su kan barshi kwana 1 zuwa 2 a ɗaki, amma a zafinmu na Afrilu yini ɗaya ma ya isa, da kin ga ƙananan kumfa kin ji ƙanshin tsami sai firij. In wutarku ba ta da tabbas ki yi kaɗan kawai. Wanda ya daɗe ya yi tsami sosai kuma kar a zubar, shi 'yan Koriya ke soyawa da shinkafar da ta kwana su ɗora soyayyen ƙwai a kai, ko su yi miyarsu ta kimchi jjigae da awara.